Mahaifina ya daina fita majalisa

Tambaya: Tun da mahaifiyarmu ta rasu bara, mahaifina mai shekara 74 ya daina fita majalisa, abinci ma sai an lallashe shi. Muna aika masa kuɗi duk wata, amma kullum ramewa yake yi. Ina mafita?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, 'yar'uwa. Ku fara kai Baba asibiti a duba hawan jini da ciwon sukari, domin ramar tana iya zama ta rashin lafiya. Sai dai ina ganin kaɗaici ne ya fi cin sa, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa kwamiti na musamman a 2023. Ku je wurin limamin unguwa da tsofaffin abokansa, ku roƙe su su mayar da zaman bayan la'asar zuwa zauren gidansa, tunda shi ya kasa zuwa wurinsu. Idan unguwarku tana da ƙungiyar taimakon juna, a ba shi wani nauyi, ko da riƙe littafin gudummawa ne ko sasanta ma'aurata, saboda dattijon da ya san ana jiransa yakan tashi ya yi wanka ya ci abinci, kuma ranar da ba a gan shi ba, akwai mai zuwa ya yi sallama.