Shekarun Kaka Nawa Ne, Kuma Ta Yaya Za Mu Adana Tarihinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakarmu ta rasu a watan jiya a wani ƙauye kusa da Bichi, ta bar jikoki da tattaɓa-kunne masu yawa. Wasu na cewa ta haura ɗari, wasu na cewa ba ta kai ba, kuma ba ta da takardar haihuwa. Muna so mu rubuta tarihinta saboda yara masu tasowa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta.

Ki fara da sanin cewa mutanen da can ba da lamba suke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru suke riƙewa. Saboda haka kada ki tambayi tsofaffin gidan shekara nawa ta yi. Ki tambaye su wane sarki ne a kan gado lokacin da aka kai ta ɗakin miji, wa take goyo lokacin kaza. A ƙasar Kano ma'aunan a bayyane suke: Sarki Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, Yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, Ado Bayero ya hau a 1963, an kashe Sardauna a Janairun 1966, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973.

Ga yadda lissafin yake. Idan an tabbatar tana goyon ɗanta na fari shekarar zuwan Sarauniya, to a zamanin nan yawanci ana aurar da yarinya tana da sha uku zuwa sha biyar, ta haihu bayan shekara biyu ko uku. Ke nan an haife ta wajen 1939 ko 1940, shekarunta tamanin ne da 'yan kai. Wadda ta cika ɗari kuwa, kusan farkon Yaƙin Hitila aka yi aurenta. Sai ki gwada wannan da jerin haihuwarta, ki ba kowane yaro tazarar shekara biyu da rabi zuwa uku saboda shayarwa da yaye. A nan ake yawan kuskure: ana ƙirga rayayyu kaɗai, a manta da waɗanda suka rasu suna jarirai, sai lissafi ya gajarce da shekara biyar ko shida. Fasfon aikin Hajji ma kada ki dogara da shi kacokan, domin sau da yawa ƙiyasi kawai aka rubuta a ciki. Kuma ki fayyace wace shekara ake nufi, tunda shekara 100 ta Miladiyya kusan 103 ce ta Hijira.

Sunanta ma shaida ne. Ladi, Talatu ko Jummai sun ba ki rana. Azumi ko Tasalla sun ba ki wata. Marka ta ba ki damina.

Wajen hira, ki fara da wanda ya fi tsufa, yau ba gobe ba: ƙannenta, kishiyoyinta, ƙawayen da suka yi talla ko daka tare. Ki zauna da kowa shi kaɗai, don idan aka taru babban cikinsu ne zai yi magana, saura su yi shiru. Ki tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan fari ba, sai ki nemi sunan yanka daga wani bakin, ki rubuta shi tare da laƙabin. Ki ɗauki murya da waya bayan neman izini, minti talatin zuwa arba'in a zama ɗaya, nesa da janareta. Kuma don Allah kada tarihin ya tsaya a jerin 'ya'ya. Ki tambayi sana'arta, ko kaɗi ne ko ƙuli-ƙuli ko ungozoma, 'ya'yan riƙo nawa ta aurar, wace magana ce ba ta rabo da bakinta. Wannan ne jikoki za su riƙe.

Tambaya: Akwai tsofaffin hotunanta da tasoshi da kwallayen jerenta. Za mu iya ajiye su wuri ɗaya don tunawa?

Amsa: Kayan nan gado ne, komai ƙanƙantarsu, haƙƙin magada ne. Sai an raba, ko duk magada baligai sun yarda da bakinsu, kafin a keɓe wani abu. Rabon maraya kuwa ba mai ikon yafe shi. Hotuna kada a manne su da leda mai zafi, tana lalata su kuma ba ta ciruwa. A ɗauki hoton kowanne da hasken rana a inuwa, a rubuta sunaye a bayansa da fensir, ba biro ba, a sa a ambulan nesa da danshi da gara. Idan za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, kuma a ajiye kwafi a hannun mutum biyu a gidaje daban-daban, saboda waya tana ɓata.