Lambar 0100-03 ta ƙi barin allon eskabeta duk da an sa sabuwar sensa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da eskabeta ƙirar Caterpillar 320D da ke haƙar marmara a wajen Daura, ta hanyar Zango. Mako uku ke nan allonta yana nuna 036, 0100, 03. Rewaya ya ce sensar baƙin mai ce, muka sayo sabuwa daga Kano aka ɗaura, bayan kwana biyu lambar ta dawo. Da safe ba ta fitowa, sai an fara dukan ƙasa mai tauri. Yanzu an ce in sayi birenbos. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka dakata da sayen birenbos. Abin da ka bayyana ya fi kama da ciwon waya ko na soket.

Lambar nan kashi uku ce. 036 na nufin ƙwaƙwalwar injin ce ke ƙorafi, wato ECM, wadda makanikai ke kira birenbos. 0100 layin sensar ƙarfin baƙin mai ne. 03 kuwa ita ce irin cutar: wutar da ke isa ƙwaƙwalwa ta wayar saƙo ta haura ƙa'ida. Ka lura, lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Layin gaba ɗaya ta nuna, tun daga bakin sensa har soket ɗin ƙwaƙwalwa. Idan wayar saƙo ta tsinke, ko wayar dawowa, wadda wuta ke bi ta koma ƙwaƙwalwa, ta rabu, ko wata waya mai wuta ta goge ta taɓa ta saƙo, 03 ɗin nan za a gani. Sensar da ta mutu ba ta jiran bokiti ya daki marmara kafin ta nuna. Waya da ta karye a cikin rigarta ita ke haɗewa in mota na tsaye, ta rabu in ta girgiza.

Kafin komai, a tabbatar da lafiyar injin kansa. Muddin lambar nan na kunne, ƙwaƙwalwa ba ta ganin ainihin ƙarfin mai, don haka ko ya faɗi da gaske ba lallai ta yi gargaɗi ba. A duba sandar mai, a ɗaura gejin hannu a auna ƙarfinsa bayan inji ya yi zafi. In kuma E360 ta taɓa fitowa, wannan wata magana ce daban: ƙarfin man ne ya yi ƙasa, a kashe inji nan take.

Sai batir. Motar nan volt 24 take aiki da shi, batir biyu masu 12 a jere. A kashe, mita ta nuna 25 ko kusa. In inji na aiki, wajen 27 zuwa 28. A kwance kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota a goge su har su yi ƙyalli.

Yanzu a kashe makulli, a zare soket ɗin sensar, a haska shi da tocila. Abin da ake nema: kore-koren tsatsa a kan fil, danshi, baƙin mai da ya tsattsafo ciki, ko fil da ya koma baya har ba ya kai wa ɗan'uwansa. Ƙurar hunturu takan shige ta bayan soket in robar da ke toshe shi ta bushe, damina ta zo ta mayar da ita taɓo, haka ma wankin inji da famfo mai ƙarfi. A kama kowace waya a ja ta da ɗan ƙarfi. Wadda ta zaro, ko ta miƙe kamar danƙo, tagullarta ta karye a ciki.

In ido bai ga komai ba, sai mita. Sensar waya uku gare ta: ta kawo wuta, ta dawowa, da ta saƙo. A yawancin injinan Caterpillar haka suke a jere, ɗaya, biyu, uku, amma a tabbatar a zanen wayoyin da ya dace da lambar jikin motarka. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna tsakanin ta farko da ta biyu a soket ɗin da ke jikin wayoyin mota. Ya kamata a ga volt 5, kada ya gaza 4.8 ko ya wuce 5.2. In babu, laifin na wayar wuta ne ko ta dawowa, kuma sau da yawa za ka tarar da wasu sensocin ma suna ƙorafi, domin layi ɗaya suke sha.

In volt 5 na nan, ga gwajin da ke raba gardama. A kashe makulli, a ɗauki guntuwar waya a haɗa ramin saƙo da ramin dawowa, a sake kunna makulli, a jira rabin minti. Lafiyayyen layi zai sa 03 ta koma 04, domin yanzu wutar ta faɗi ƙasa. To a wannan hali mutum ɗaya ya tsaya gaban allo, ɗaya ya bi damin wayoyin yana lanƙwasa shi taƙi bayan taƙi, musamman wajen maƙalai, da inda ya bi gefen ƙarfe mai kaifi, da kusa da salansa inda zafi ke gasa roba. Inda 04 ta juye 03, nan ciwon yake. A dubi alamar haƙorin ɓera ma, tunda mota na kwana a daji kusa da gonaki. Da wannan gwajin aka fara, da an san ko tsohuwar sensar tana da laifi. In tana nan, a adana ta.

In an haɗa guntuwar wayar amma 03 ta ƙi motsi, a kashe babban makullin batir, a zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, a auna wayar saƙo da ta dawowa daga wannan baki zuwa wancan. Lafiyayyar waya ba ta wuce om ƙalilan, wato ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta. A kuma auna tsakanin wayar saƙo da maƙwabtanta, kada a sami haɗi ko kaɗan. Ina roƙon rewaya abu biyu a nan: kada ya sa fitilar gwaji a layin sensa, domin tana jan wutar da layin ba zai ɗauka ba, kuma kada ya huda rigar waya da allura, don ta wannan ramin ruwa zai shiga a damina mai zuwa.

Wajen gyara, murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kai wata guda a jikin injin da ke girgiza yini. A yanke wurin da ya lalace, a sa waya mai kauri iri ɗaya, a matse mahaɗin da filayar matsa fil, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Fil mai tsatsa a canza shi. Sannan a ɗaure damin nesa da abin da ya goge shi.

Ba a zargin ƙwaƙwalwa sai wayoyi sun fita tsaf, an kuma maimaita gwajin guntuwar waya a bakin soket ɗinta, 03 ta ƙi zama 04. A lokacin ne za a tambaya ko an yi walda a jikin motar ba tare da an zare soket ɗin ƙwaƙwalwar ba, ko an taɓa juya kan batir wajen jona wuta daga wata mota. Ko an sayo wata ma, sai mai kwamfutar Cat ET, wato wadda ake binciken injinan Caterpillar da ita, ya loda mata manhaja da saitin injinka kafin ta yi aiki. Shi ne kuma zai goge tsohuwar lambar bayan gyara, a koma kan marmarar nan mai tauri a yi aikin awa ɗaya ana kallon allo.