Amsa kan kawunan dutse na dandalin Lebda

Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, hoton nan da kika sa na manyan kawuna jere a ƙasa, gashinsu a murɗe da macizai, kina tambaya ko gumakan bauta ne kuma da me aka sassaƙa su tun babu inji, ina gani na gane wurin. Lebda ce, wadda Turawa ke kira Leptis Magna, a gefen garin Khums, kamar kilomita 130 gabas da Tarabulus. Na yi shekara uku ina aikin tayil da mabul a Khums kafin rikicin 2011, kuma Juma'a da yawa bayan an sauko masallaci can muke zuwa shan iskar teku. Ni ba malamin tarihi ba ne, idon magini na kai wurin, sauran kuma daga baya na bi na karanta.

Garin ya girmi zuwan Rumawa, Finikiyawa ne suka kafa shi, kuma da man zaitun ya yi arziki. Sai aka haifi wani yaro a cikinsa, Septimius Severus, ya girma ya zama sarkin Rum baki ɗaya daga 193 zuwa 211. Kin san ɗan gari in ya samu mulki, gida yake fara tunawa. Dandalin da ke hotonki aikinsa ne: tsawo kamar mita 100, faɗi kamar 60, wato kusan filin ƙwallo, an shimfiɗe shi da dutse, an kewaye shi da rumfuna masu ginshiƙai. Bai ga ƙarshen aikin ba, ɗansa Caracalla ne ya kammala babban zauren shari'ar da ke jikin dandalin a 216.

Kawunan nan asali ba a ƙasa suke ba. Can sama suke, a tsakanin kowane bakan gizo na rumfunan da na kusa da shi, suna leƙo duk wanda ya shigo. Da ginin ya zube ne masu tono suka tattaro su suka jera. Yawancinsu fuskar Medusa ce, wata dodanniya a tatsuniyar Girkawa wadda duk wanda ya haɗa ido da ita yake zama dutse. Ba yanka ake musu ba, ba roƙonsu ake ba. Kariya ce a tunaninsu, kamar yadda wani a wajenmu zai rataya laya ko ƙaho a bakin ƙofa don kambun baka. Amma kada in ruɗe ki, bautar gumaka tana nan a dandalin: a gefe ɗaya akwai ɗakin bauta a kan tudun gini mai matakala, nan ake yin ta. A cikin zauren shari'ar ma ginshiƙan da ke manne da bango an cika su da hotunan Hercules da Dionysus, gumakan da garin ke ɗauka majiɓinta.

Yanzu maganar sassaƙar, wadda ita ta fi ɗaukar hankalina. Abokin aikina wani Bazindire ya rantse aikin aljanu ne. Na ja shi na ce ya sa yatsa cikin gashin ɗaya daga cikin kawunan. Abin da za ka ji shi ne ƙananan ramuka zagayayyu, ɗaya na bin ɗaya. Tabon abin huda ne. Ƙarfe mai tsini suke da shi wanda ake naɗa wa igiya, babban ma'aikaci ya riƙe ya saita, yaronsa yana jan igiyar gaba da baya, ƙarfen yana juyawa yana cin dutse. Sai su huda rami kusa da rami, sannan su sa guduma da ƙarfen sassaƙa su fasa tsakani, ya zama kwari mai zurfi. Dalilin zurfin kuwa rana ce. Hasken bakin tekun nan yana da ƙarfi, zane marar zurfi shafewa yake a ido tun daga nesa, amma rami mai zurfi yana riƙe inuwa, sai ganye ya fito fari a kan baƙi kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Ginshiƙan zauren shari'a nan abin ya kai maƙura: kurangar inabi ta nannaɗe tun daga ƙasa har sama, mutane da dabbobi a cikinta, wani wurin kamar ka zura hannu ta bayan reshen.

Na taɓa gwadawa, don son a sani. Na ɗauki guntun mabul a gidan da muke aiki, na ce bari in fitar da ganye ɗaya tak da giranda. Ban kai rabi ba bakin ya ɓalle, ashe kuma guntun na matakala ne ake jira, mai gidan ya zabge mini kuɗin kwana biyu. Tun ranar in na ga ganyen nan ɗaruruwa babu wanda ya karye a hannun mai shi, shiru nake yi.

Abin da kuma ba ya fitowa a hoto shi ne dutsen kansa baƙo ne. Farin mabul ɗin mafi yawa daga wani tsibiri aka yanko shi a tekun Marmara, a Turkiyya ta yau (ba marmararmu ta gina rijiya ba, suna ne ya zo ɗaya). Ginshiƙai masu ratsin kore daga Girka, jajayen masu tauri daga Aswan ta Masar, duk a jirgin ruwa. A jikin wasu duwatsun akwai haruffan Girkanci, alamar ma'aikata, shi ya sa masana ke ganin masassaƙan ma daga gabas aka kwaso su, har ana danganta salon da garin Aphrodisias, shi ma a Turkiyya ta yau. Kowa ya shigo dandalin a wancan zamani ya san kuɗin da ya iya ɗauko dutse daga ƙasa uku ba na attajirin gari ba ne, na fada ne.

Ni dai tsohuwar kasuwar ta fi kwanta mini. Wani attajirin garin, Annobal Tapapius Rufus, shi ya gina ta shekara takwas ko tara kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da dutsen yankin, adonta kaɗan. Shi ne kuma ya gina gidan wasan kwaikwayo, ya sa aka rubuta sunansa da Latin da kuma harshen kakanninsa na Finikiyawa. A kasuwar akwai teburan 'yan kasuwa na dutse, ƙafafun wasu an sassaƙa su da siffar dabbar ruwa. Akwai dutse mai ramuka manya da ƙanana na awo, mudu da tiyarsu ke nan, wanda ba mai iya bubbuga gindinsa. Akwai wani kuma da aka zana ma'auni uku na tsawo a jikinsa: kamun Finikiyawa, kamun Iskandariya da ƙafar Rumawa, don mai sayen yadi ya gwada da kansa. Na ɗora hannuna a kan kamun, nawa bai kai ba.

In kin ga gurabun ginshiƙai babu kowa a kai, ba duka girgizar ƙasa ta kayar ba. An kwashi da yawa zuwa Faransa a zamanin sarkinta Louis na 14, wasu kuma aka kai Ingila wajen 1817, suna nan tsaye a Virginia Water kusa da Windsor. Sauran rairayi ne ya binne su ya adana, sai da Italiyawa suka tono a shekarun 1920. Ki buɗe hoton naki sosai ki duba ƙwayar idon kan da ke gaba da cikin gashinsa, in hoton ya fita da kyau za ki ga ramukan da nake faɗa.