Allurar S ta hau da na rage RF, ko rediyon ya lalace ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙaninmu na Zariya ne ya turo tambaya ɗazu, ya ce ya sayi tsohuwar rediyon sadarwa, Kenwood TS-440S, da ya murɗa maɓallin RF (na ƙarfin karɓar sigina) baya sai allurar S, mai nuna ƙarfin siginar da ta shigo, ta dinga hawa har ta kai 9, alhali babu kowa a kan mitar. Kuma jiya da ya yi kira, a rahoton yadda ake jinsa, wani ya ba shi 5-7, wani ya ba shi 5-9, duk cikin minti ɗaya. Shi ne yake tambaya ko an sayar masa da matacciyar rediyo.

To ƙanina, kwantar da hankalinka, lafiyarta lau. Haka aka ƙera ta.

Ka ga allurar nan, ba daga eriya take ɗaukar lissafinta kai tsaye ba. Akwai wani sashe a ciki da ake kira AGC, aikinsa idan sigina mai ƙarfi ta shigo ya danne ƙarfin karɓar rediyon don kada ta fasa maka kunne, idan ta yi rauni ya sake. Wutar da yake dannewa da ita, ita allurar take nunawa. Maɓallin RF kuwa, a irin taka, wannan wutar dai yake turawa, sai dai da hannunka. Kana murɗawa baya, allura tana hawa, don ita ba ta san ko kai ne ka danne ko sigina ce ta shigo ba. Wasu sababbin na SDR, masu sarrafa sigina da manhaja, ba sa yin haka, amma tsofaffin Kenwood da Yaesu haka suke.

Kuma abin amfani ne, wallahi. Inda allurar ta tsaya, nan ne iyakar da ka sa. Duk abin da bai kai nan ba, zai yi ƙasa a kunnenka, wanda ya wuce nan zai motsa allurar kamar kullum. Yadda nake yi a mita 40, wato zangonmu na wajen megahaz 7, da daddare: in nemi wurin da babu kowa, in duba inda shuuu ɗin nan yake ajiye allura, a ce S6. Sai in murɗa RF baya a hankali har allurar ta tsaya cak a 6 ɗin, ta daina rawa. Daga nan in ɗan ƙara AF, wato maɓallin murya. Shi ke nan. Da mutum ya yi shiru tsakanin magana, hayaniyar ba za ta taso ta cika ɗakin ba. Kana iya awa biyu kana saurare kanka bai yi ciwo ba. AGC ɗin kuma ka bar shi a SLOW in hira ake yi ta SSB, wato ta murya.

Yawancinmu mun ɗauka ƙure RF shi ne jin nesa. A'a. A nan ƙasashenmu, musamman da damina, tsawar da ake yi can wani gari mai nisa ma tana shigowa mita 40 da 80, ƙas-ƙas-ƙas. Ga inbatar sola ta maƙwabci, ga cajar waya mai araha, ga ƙwan fitilar LED, ga janareto. Duk wannan ya riga ya fi ƙarar cikin rediyon nesa ba kusa ba. In ka ƙara ƙarfin karɓa, da siginar da hayaniyar tare suke tashi, ba ka ci ribar komai ba. Gwada da kanka: cire eriyar kana saurare. In shuuu ɗin ya faɗi, ka mayar ya dawo, to ƙarfin da kake da shi ya isa har ya yi yawa. Masu Yaesu, ku danna IPO a mita 40 da 80. Masu Icom, ku kashe P.AMP, wato abin da ke ƙara wa sigina ƙarfi da ta shigo daga eriya (IPO ɗin Yaesu ma kashe shi yake yi). Ku adana shi sai kun hau mita 10 ko 15, ranar da wurin ya yi tsit.

Sai maɓallin ATT, mai rage duk abin da ya shigo daga eriya, wanda mutane ke tsoro kamar zai cinye musu sigina. Namu na mita 40 daga megahaz 7.000 yake zuwa 7.200, kana tsallakawa ka faɗa cikin manyan gidajen rediyo na gajeren zango, masu ɗaruruwan kilowat. Masu sauraren Muryar Najeriya sun san 7.255, ai nan kusa ne. Da dare ya yi waɗannan suna cika bakin rediyon, sai ka ji wasu muryoyi da fito a inda babu tashar komai, rediyon ce take haɗa su a cikinta. ATT ɗin TS-440 yana rage desibel 20 (desibel ma'aunin hawa da saukar ƙarfin sigina ne). Siginar da kake nema za ta sauka, e, amma wancan tarkacen yana sauka kusan ninki uku a lissafin desibel, sai ka ga mutumin da ya ɓace ya fito fes. Masu Icom IC-7300, in kun ga OVF yana ƙiftawa da ja, abin da yake gaya muku ke nan, ku rage.

Yauwa, batun 5-7 da 5-9. A takarda akwai ƙa'ida. Ƙungiyar IARU, ta masu rediyon sha'awa na duniya, reshen yankinmu na ɗaya, ta tsayar a 1981 cewa a gajeren zango S9 shi ne maikurobolt 50 a kan om 50, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata desibel 6 ne. Desibel 6 ninki huɗu ne na wuta. Ma'ana mai wat 100 sai ya koma wat 400 kafin ya ƙara lamba ɗaya tak a wurin mai saurarensa. Ku riƙe wannan kafin ku je ku zuba kuɗi a amfilifaya, sau da yawa ɗaga eriya ya fi sauƙi.

Amma a aikace kamfanoni ba su cika bin ƙa'idar ba. Da yawa sukan daidaita S9 kusa da daidai, ƙasa da nan kuwa wata rediyon desibel 3 ne tsakanin lambobinta, wata 4, wata ma ba ta tafiya bai ɗaya. Kamar mudu ne, na wannan kasuwa daban, na waccan daban, kowa kuma ya ce maka mudu ne. Ƙara da cewa wanda ya ba ka 5-9 wataƙila P.AMP ɗinsa a kunne yake, ɗayan ATT ya danna. Eriyarsu ba ɗaya ba, garinsu ba ɗaya ba, kuma sigina a gajeren zango hawa take tana sauka cikin daƙiƙoƙi. Lamba biyu ba abin damuwa ba ne. In ranar gasa ce ma, kowa 5-9 yake ba kowa ko da ƙyar ya ji shi, don sauri.

Ni lambar farko na fi dubawa, 5 ɗin. Tsarin ba da rahoton nan, da ake kira RST, tun 1934 yake, kuma da kunne aka fara ba da shi. Ta farkon tana cewa ana fahimtar maganarka ko ba a fahimta, 5 ce ƙarshe, ta biyun kuma ƙarfin sigina ce, kuma a ta farkon duk su biyun 5 suka ba ka. Mutum yana iya zama S3 ka ji shi rangaɗau a mita 15, wani S8 ne amma hayaniyar unguwarku S8 ce, ba ka tsintar komai.

Abu ɗaya nake roƙo, in za ka ba wani rahoto, mayar da RF ƙarshe tukuna, ka kashe ATT, ko kuwa ka gaya masa a kunne yake. Kada ka bar allura a 9 da hannunka sannan ka ce wa bawan Allah yana S9, ya tafi yana murna da eriyar da ba ta aiki.

In gwajin eriya biyu kake yi, allurar tana da amfani sosai, matuƙar rediyo ɗaya ce, saiti ɗaya, kana sauyawa nan take.

Gobe bayan isha'i ka hau 7.100, RF a ƙure, ATT a kashe, ka turo mana lambar da hayaniyarka take tsayawa. Sannan ka sa rediyon a batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, ka sake dubawa. In ta faɗi da lamba biyu ko uku, mai laifin yana cikin gidanka, sai mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ka.