Tambaya da Amsa: Darasin dutse ba ɗakin gwaji

Tambaya: Malam, ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani CEG, ƙaramar sakandare, a nan Maraɗi. Mun zo kan duwatsun da ke samuwa daga narkakken dutse, ga shi ba mu da ɗakin gwaji. Yara na haddacewa ne kawai. Yaya zan yi su gani da idonsu? Daga wata malama, unguwar Zariya.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki aika kasuwa a sayo alimun, wannan da ake sa wa ruwa ya kwanta. Ki yi ta narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ki raba kwalba biyu. Ɗaya ki tsoma ta cikin ƙanƙara, ɗaya ki naɗe ta da tsumma ta kwana, kada kowa ya girgiza ta. Ta ƙanƙara ƙwayoyinta ƙanana za su fito, birjik. Wadda ta kwana kuwa za ki tarar da manya masu kusurwa, har yaro ya ɗauki guda da yatsa.

Darasin ke nan. Giranit a ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, ƙwayoyinsa suka samu lokacin girma. Bazalt a sarari ya yi sanyi da sauri bayan aman wuta, shi ya sa ido ba ya rarrabe nasa. Amma ki faɗa musu alimun ruwa ya narka shi, dutse kuwa zafi ne, don mai wayon aji sai ya tambaya.

Samfuri ba sai an je Ayar ba. Manyan duwatsun Damagaram giranit ne, akwai shi kuma kudu da mu, wajen Ɗan Isa.

Wajen gane ma'adini, ki hana su dogara da launi, yaudara gare shi. Tauri za su gwada, bisa ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Ƙumba 2.5 ce, gilashi wajen 5.5. Cikin ma'adinan giranit, kwarz yana 7, yana zana kwalba a sauƙaƙe. Feldispat 6 ne, sai an danna. Mika kuwa da bakin allura ake ɓanɓare shi falle-falle.

In an samu pirit, mai ƙyallin nan da ke ruɗar masu neman zinariya, a goga shi a bayan tayil marar sheƙi. Layinsa baƙi-baƙi ne, na zinariya rawaya. Ruwan zafin dai ke za ki zuba da kanki, ban da yara.