Ku Tambaya Mu Amsa: Don Me Kuka Cire Sunan Da Na Rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Edita. Watanni biyu da suka wuce na aiko muku da wasiƙa a kan rijiyar burtsatse da aka fara haƙawa a unguwarmu aka yi watsi da ita. Na ambaci sunan ɗan kwangilar, na ce ya cinye kuɗin aikin. Da mujalla ta fito sai na tarar kun cire sunan, kun kuma rage wasiƙar kusan rabi. Tsoronsa kuke ji, ko kuwa maganar talaka ce ba ta da nauyi a wurinku?
Daga wani malamin makaranta, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina tune da wasiƙarka sarai, shafi uku ce da rubutun hannu a kan takardar da aka yago daga littafin rubutun 'yan makaranta, kuma sau biyu na karanta ta kafin in sa mata alƙalami. Abubuwa iri biyu ne a cikinta. Akwai abin da idonka ya gani: bututun da aka bari tsaye an kifa masa gwangwani a baki, da ɗalibanka da suke zuwa aji a makare saboda sai sun tafi wata unguwa da jarkoki kafin su sa kayan makaranta. Wannan duk mun buga shi, ba mu taɓa ko kalma ɗaya ba. Akwai kuma abin da kunnenka ya ji, wato cewa an biya mutumin kuɗinsa cif ya yi gaba da su, kuma da kanka ka rubuta cewa haka ake faɗa a majalisar unguwa. A nan ne muka tsaya.

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda ta shiga garuruwa. Kundin dokokin hukunta laifuka, wato Final Kod, da aka fara aiki da shi a Arewa a 1960 ya yi bayanin ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Dokar ta ba da mafita idan zargin gaskiya ne kuma bayyana shi zai amfani jama'a, amma wanda ya faɗa shi ne zai kawo hujja, kuma alƙali ba zai karɓi "haka ake faɗa" a matsayin shaida ba. Da an kai ƙara, da kai da mu za mu tsaya gaban kotu, kai da albashin malanta. Ko da babu kotu, ina ganin akwai abin da ya fi ta nauyi: sau da yawa ɗan kwangila yakan tattara kayansa ne saboda an ba shi kuɗin somin-taɓi an hana shi cikon, kuma idan haka ta faru a unguwarku, da mun zubar da mutuncin bawan Allah a gaban iyalinsa kan laifin wani. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta ba wanda aka zarga damar kare kansa, mu kuwa lokacin ba mu ji ta bakinsa ba.

Batun rage tsawo kuma, shafin wasiƙu ɗaya ne tak, masu jiran layi suna da yawa. Tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 editoci suke fama da wannan rabon gurbi. Mukan yanke doguwar gaisuwa, da maimaici, da zagi. Mukan kuma gyara rubutu, mu raba "yace" ta koma "ya ce", mu mayar wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, domin wanda ya rubuta "baki" yana nufin baƙi, ko "kafa" yana nufin ƙafa, ya jefa mai karatu cikin ruɗu. Abin da ba mu yarda mu yi ba shi ne sa wa mutum maganar da bai faɗa ba.

Ƙofa a buɗe take, Malam. Ka ɗauko hoton allon aikin idan an kafa shi, domin a nan ake rubuta sunan kamfani da hukumar da ta ba da kwangilar, ka kuma haɗa mu da mai unguwa ko wani dattijo da ya halarci ranar da aka fara haƙa. Mu ne za mu nemi ɗan kwangilar da hukumar mu ji ta bakinsu, kuma idan hujja ta tsaya za ka ga sunan a rubuce.

Tambaya: Ina da koke a kan yadda ake karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a wurin aikinmu, amma ina tsoron kora. Za ku iya bugawa ba tare da sunana ba?
Daga wata ma'aikaciya, Gusau.

Amsa: Za mu iya, Hajiya. Sakaya suna hakkinki ne, kuma a irin wannan hali mukan cire har da bayanan da za su sa abokan aiki su gane mai rubutun, kamar sashen da take aiki ko shekarar da aka ɗauke ta. Sai dai mu a ofis dole mu san ko ke wace ce, da lambar da za mu kira ki, domin wasiƙar da ta zo babu mai ita ba mu da wanda za mu yi wa tambaya a kanta. Wannan bayani yana tsayawa a hannun edita shi kaɗai. Idan akwai rasit ko wata takarda, ki aiko da kwafi, ki riƙe ta asalin a wurinki.