Baƙin fenti a zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai

Ɗan'uwa, ka ce malaminku ya hana ku taɓa baƙin fenti, kuma da ka gwada shi sai wurin ya fito a mace, ba rai ko kaɗan. Idan hoton mutum ko na daji kake zanawa, malam yana da hujja, don baƙi yana dagula inuwa. Ka haɗa shi da rawaya ma, wani kore mai datti za ka samu. Amma a zanen da launi da siffa ne kawai ke magana, dokar nan ba ta aiki.

A iya shekarun da na yi ina wannan aiki, abin da na lura shi ne matsalar ba ta cika zama a launin ba, tana kan fuskar fentin. Mai zane Pierre Soulages, mutumin garin Rodez a Faransa wanda ya rasu a 2022 yana da shekara 102, tun 1979 ya koma rufe kyallensa da baƙi kacokan. Yakan lafta fentin da kauri, ya karce shi da buroshi mai tauri, wani wurin kuma ya lailaye shi sumul. Kana matsawa gefe, hasken na sauyawa. Ka tuna baƙar shadda kafin bugu da bayan bugu: rini ɗaya ne, amma ido ba abu ɗaya yake gani ba. Ad Reinhardt na Amurka kuwa akasin haka ya yi. Ya tsane man da ke cikin baƙin fentinsa har sheƙin ya tafi, ya sirka ɗan ja ko shuɗi ko kore a ciki, sai ka daɗe a tsaye kafin murabba'ai tara da ke cikin zanen su bayyana. Ni dai aikinsa ya fi burge ni, ko da yake hoton waya ba ya nuna komai a kansa.

Sannan baƙin ma iri-iri ne. Na ƙonannen ƙashi yana da ɗan ɗumi, ba ya rufewa sosai. Na hayaƙin fitila yana karkata zuwa shuɗi, kuma a fentin mai yana jinkirin bushewa. Na tsatsar ƙarfe, mai suna Mars, shi ne mai rufewa da saurin bushewa.

Kada ka yi gaggawar lafta baƙi a kan fentin da bai gama bushewa ba. Zanen baƙin murabba'i da mai zane Malevich ya yi a 1915, da ke gidan ajiye zane-zane na Tretyakov a Mosko, a kan wasu zane-zane aka yi shi, yau duk ya tsattsage har launukan ƙasa na leƙowa.

Ka samo kwali, ka shafa baƙi uku gefe da gefe, na ukun ka haɗa da kanka daga shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa. Bayan sun bushe ka shafa wa rabin kowanne man sheƙi, ka duba su da hantsi a bakin taga, sai ka turo mana hoton zanen naka mu ga inda ya mutu.